Bugun Farko na Faifan Gvozden da Lale

"Ba shi ba ne," in ji Radmila, ta cire abin sauraro daga kunnenta tun kafin a kaɗa gita.

Mai shagon ya kalle ta, ya kalli baƙin ɗankwalin takaba da ke kanta. Ya nuna mata bangon faifan: Gvozden da Lale ne tsaye a kan gada da gitocinsu, zaɓaɓɓun waƙoƙinsu duka a wuri ɗaya. A duk faɗin Sabiya babu faifan da aka saya kamarsa. Ana jin sa a motar haya, a gidan biki, a shagon aski. To me kuma take nema?

Ta ce tsohon take so, na garmaho, bugun farko.

"Mama, wannan ya fi wancan nesa. An wanke shi tas, duk hayaniyar nan an cire."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Haka ta yi ta yi a birnin Niš tun bayan da aka binne mijinta Dobrivoje. A kowane shago abu ɗaya take roƙo, a sa mata farkon waƙar ƙarshe, wadda aka ɗauka a gaban jama'a a dandalin ganuwa. Sai ta saurara kaɗan ta girgiza kai. Wani ya buɗe mata a wayarsa, shi ma wankakken ne. Wani ya tambaye ta ko ta san sunan waƙar ma, ta ce ba ta sani ba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

A da suna da nasu faifan. Shekarar da kogi ya cika ne ruwa ya shiga ɗakin ƙasa ya tafi da shi, tare da barguna da kwalaben barkonon da ta dafa don hunturu. A lokacin barkonon ta fi yi wa kuka.

Ga arba'in ta matso. A wurinmu nan Sabiya har zuwa ranar ran mamaci yana zagaya gidansa, daga nan sai ya tafi. Radmila ta ƙudura faifan nan zai juya a falonta kafin Dobrivoje ya fita.

Stanka, yayar marigayin, ta ji labari a bakin mai sayar da burodi, ta zo a fusace. Ta ce gidan makoki ba a kunna ko rediyo sai shekara ta zagayo. Ta ce unguwa duk ta ɗauka, wai matar Dobrivoje na bin shagunan kiɗa da baƙaƙen kaya. Kuma abin da ya fi ba ta haushi, ƙanenta bai taɓa son waƙar mutanen nan ba, cewa yake yi kamar akuya biyu aka ɗaure a turke ɗaya.

"Ni ma ba na son su, Yaya," in ji Radmila.

"To haukar ta mece ce?"

Idon Radmila na kan cokalin da ke gefen gadon Dobrivoje. Da shi yake buga gilashi in yana kiranta, tun daga shekarar da likitoci suka yi masa aiki a maƙogwaro ya rasa murya. Har yau ba ta mayar da shi cikin sauran cokula ba.

Ranar Lahadi ta tafi kasuwar gwanjo. Ta wuce masu tsofaffin takalma da masu kayan keke, ta durƙusa gaban wani tsoho mai kwali cike da faya-fayai, gwiwoyinta na ciwo. Can ƙasan kwalin ta gan shi, bangon ya koɗe, gefe ɗaya ɓera ya taɓa.

Tsohon mai gaskiya ne. Ya ɗaga faifan a rana ya nuna mata ƙarzunan da ke jikinsa, ya ce rabin waƙoƙin tsalle suke yi, kada ta dawo ta zage shi. Ta duba bakin waƙar ƙarshe kawai, ta ga wurin sumul. Ba ta yi ciniki ba.

Ranar arba'in da safe Stanka ta iso da dafaffiyar alkama da kyandirori, za su coci daga nan su wuce maƙabarta. Ta tarar an sauko da garmaho daga kan kabad, an goge masa ƙura.

"Radmila, ki ji tsoron Allah. Yau ma?"

"Yau ɗin dai."

Ta tsallake waƙoƙin duka, ta ajiye allura a kusa da tsakiya. Stanka ta dire kwanon alkama ta nufi bango za ta zare wayar garmahon.

Faifan ya yi ƙaraf-ƙaraf. Aka ji tafi, da fito, da hayaniyar dubban mutane a dandalin ganuwa, wani yana gyara zaren gita. Sannan daga cikin taron, kusa-kusa, wani ƙato ya daka tsawa da murya kamar ganga:

"Kai masu tsayi, ku zauna mana! Matata ba ta gani!"

Jama'a suka fashe da dariya. Gita ta fara, Radmila ta ɗage allurar, ta mayar da ita baya.

Stanka na tsaye da hannu a kan wayar, ba ta zare ba. A hankali ta zauna a ƙasa kamar ita aka yi wa tsawar, don rabonta da jin muryar ƙanenta tun kafin a yi masa aikin maƙogwaro, kuma duk duniya nan kaɗai ta rage.