Kuɓewar da Ba Ta 'Ya'ya

Tsohuwa na tsugune cikin furannin tana tsince tsutsotsi da hannu, tsigar jikinta na tashi. Koraye ne ɓul-ɓul, in ta matsa sai su fashe da ruwa mai ƙarni. Ta tofar da yawu, ta jefa wata cikin gwangwani.

Ɗanta ne ya kawo irin daga Jos, ya jera shi a ƙofar ɗakinta na laka, wanda ta hana a rushe da ya sabunta gidansu na Maska. Ta ɗauka kuɓewa ce, don ganyen ya yi kama. Ta ba su ruwa, ta zuba musu toka da taki, ta kafa musu kara kada iska ta kwantar da su. Suka fi mutum tsayi, fure ja da fari, amma ko na miya ɗaya babu. Shukar banza! Albarkacin ɗanta kawai suke ci.

A ranar, ɗan nata ya yi baƙi daga Abuja. Ta ji takunsu a tsakar gida.

“Alhaji, furen nan ya yi kyau. Mene ne a bayansa?” in ji ɗaya daga cikin baƙin.

Ta gyara kallabi za ta miƙe su gaisa.

“Turken awaki ne,” in ji ɗan nata. “Shi ya sa na kare shi. Mu shiga falo.”

Ta koma ta tsuguna. Ta dubi gwangwanin, tsutsotsin suna ta mutsu-mutsu, ta ji ƙyanƙyaminsu ya fita ranta. Ta sa yatsu tana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, tana mayar da kowacce kan ganyen da ya fi kyau.