Haruffan da Zayyadu Ya Zaɓa

Muktari ya jera wayoyi huɗu a bisa buhun shinkafa, ya buɗe aplikasiyon a kowace. Uku sun nuna rubutu daidai. Ta huɗun, tsohuwar Android ta wani direba, ta nuna 'yan akwatuna babu komai ciki.

Muktari shi ne shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobin da ke kai ruwa da abinci Tchibarakaten, wurin masu haƙar zinari. Bara wani kamiyo, babbar motar kaya, ya bi hanyar da rairayi ya rufe, don gargaɗin da aka tura wa direban da Tifinagh, rubutun Abzinawa, akwatuna ya fito a wayarsa. Kafin a gano su, direban da mutanen cikin motar sun fara shan ruwan lagireto. Tun daga nan sandika ta yanke shawarar mallakar aplikasiyonta, wadda za ta nuna Hausa da Tamajaq, harshen Abzinawa, iri ɗaya a kowace waya da kowace ordinatar, wato kwamfuta.

Aka haɗa Muktari da Zayyadu, mutumin Damagaram da ke zaune a Arlit, wanda ya yi aikin ordinatar a ofishin ma'adinai kafin a rage ma'aikata. Ba su taɓa haɗuwa ba, a waya suka saba. Zayyadu mai surutu ne, yana magana yana tari yana dariya. Ya bayyana masa cewa kowace na'ura da zubin haruffan da ta zo da shi, in ba ta san ƙ ko ɗ ba sai ta sa akwati. Maganin shi ne a zaɓi zubi ɗaya a dasa shi cikin aplikasiyon, amma a rage masa nauyi, don rezon waya a hamada ba ya ɗaukar kaya. Ɓangaren Tifinagh kuwa, matarsa Dassin ke duba masa, shi kuma yana koya mata aikin a gefensa.

Sai aka yi kusan mako uku shiru. Muktari ya kira har ya gaji. Da amsa ta zo, rubutu ne gajere: a yi haƙuri, murya ba ta fita, daga yanzu sai dai saƙo.

Aikin ya ci gaba, amma da jan ƙafa. Abin da a da ake gyarawa a yini ɗaya ya koma cin mako. Saƙonnin babu barkwanci. Wani lokaci a rubuta “mota ya iso”, Muktari ya yi dariya ya ce zaman Arlit ya fara cinye wa Badamagare Hausarsa. Haruffan Tifinagh dai sun yi kyau fiye da da, har tsofaffin direbobi na karantawa ba tare da sun matso da waya kusa da ido ba.

Kowace safiya Muktari kan rubuta, “Malam Zayyadu, ina kwana?” Kafin ya ajiye wayar an karanta. Amsar ce ke daɗewa.

'Yan sandika suka fara ƙorafi. Zafi ya kusa, lokacin da hanya ke kashe mutane. Wani kamfani a Yamai ya ce zai gama cikin kwana kaɗan, da zubin haruffansa. Muktari ya sanar da Zayyadu. A karon farko amsa ta zo nan take, cewa don Allah kada a canza zubin, an daɗe ana nemansa kafin a same shi, waya ɗaya ce ta rage.

Muktari ya nemi su yi magana baki da baki. Aka ce ba hali. Ya ce to a zo tasha a same shi in ya shigo gari. Aka ce fita ba ta yiwuwa yanzu. Ransa ya ɓaci. Ya hau kamiyon da ke komawa Arlit daga Tchibarakaten da niyyar karɓe aikin a gaban mai shi.

Suna shiga gari rezo ya dawo, sabon gyara ya sauka. Ya buɗe tsohuwar wayar. Babu akwati ko ɗaya. Ƙ ta tsaya da lanƙwasarta, Tifinagh ya fito tsaf, daidai da na sauran wayoyin. A can ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an rubuta: Aikin Zayyadu.

Fushin ya sauka. Ya sayi shayi da sukari, ya tari kabu-kabu, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan a bayan tashar bas ɗin ma'aikata.

Wani dattijo mai rawani na zaune a tabarma a ƙofar gida. Ya ce sunansa Aghali, surukin mai gidan. Muktari ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane, ya ce ya zo yi wa Malam Zayyadu godiya, ko da safen nan sun yi rubutu.

Dattijon ya daɗe yana kallon ledar shayin. Sannan ya roƙe shi alfarma ɗaya, cewa ko da aiki ya ƙare, kada ya daina turo gaisuwar safen nan, da sunan nan, yadda ya saba. Ya ce sai gaisuwar ta shigo ake iya cin abinci a gidan.

Muktari ya ce bai gane ba, ciwon ne ya yi tsanani haka?

“Ɗana,” in ji Aghali, “Zayyadu mun binne shi tun kafin azumi. Ɗiyata Dassin ce a ɗaki da ordinatarsa, tana takaba.”