Taku Huɗu Tsakanin Rijiya da Sokawe

Rijiyar gidan Mama Rahamatu ta girmi rabin gidajen layinsu a Agege. Mahaifinta ya haƙa ta. Da ruwanta take dama kokon da take sayarwa kowace safiya, shi take sha, shi take bai wa jikarta Sakinatu, 'yar shekara huɗu da uwarta ta rasu ta bar mata. Idan famfo ya ɗauke, har matan masu gidajen bene sukan zo da bokiti, ba ta taɓa hana kowa ba.

Sai maƙwabcinta Alhaji Abdulmuhaimin, mai tankokin mai a Apapa, ya rushe tsohon gidansa ya fara bene mai hawa biyu da zai zuba 'yan haya. Ƙura da ƙarar injin kwaɓa siminti ba su dame ta ba. Abin da ya tayar mata da hankali ramin da ta ga ana haƙawa a jikin katangarta.

"Ramin mene ne wannan?" ta tambayi birkila.

"Sokawe ne, Mama. Nan ƙazantar bandakunan gidan za ta riƙa taruwa. Oga ya ce gaban gida shaguna za a yi, babu fili."

Ta auna da ƙafarta. Taku huɗu ne tsakanin ramin da rijiyar.

Layin yana da ƙungiyar masu gidaje, ƙungiyar kuma tana da littafin dokoki mai koren bango. Ba dokar wasa ba ce idan kai talaka ne. Mama Rahamatu kanta an taɓa sa ta ɗauke teburin kokonta saboda ya shigo hanya da ɗan kaɗan. A littafin nan an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a haƙa sokawe ƙasa da taku ashirin daga rijiyar maƙwabci.

Ranar Lahadi ta yafa mayafi ta je mitin. Ciyaman Abdulganiyu ya saurare ta yana kaɗa ƙafa, littafin na gabansa, ko buɗe shi bai yi ba. Kowa a wurin ya san an yi wa Ciyaman alkawarin shago ɗaya a sabon ginin, kowa kuma ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Alhaji Abdulmuhaimin ya gyara babbar riga. "Mama, abeg, don Allah, siminti zan sa mai kauri. Ko ɗigo ba zai wuce ba."

"Alhaji, ƙasar Legas ce fa. Damina na zuwa, ruwa bai san siminti ba."

"Hajiya, a yi haƙuri," in ji Ciyaman. "Maƙwabtaka ce. Mu da muke baƙi a garin mutane, kada a ji mu muna rigima."

Baƙi, mutumin da aka haifi kakansa a layin nan! Amma haka aka tashi, har da addu'ar zaman lafiya. Sau biyu ta sake komawa, amsar ba ta canza ba: a yi haƙuri. Ta so ta kai ƙara ofishin tsafta na ƙaramar hukuma, aka ce za ta tona wa unguwa asiri. Ta ji kunya, ta zauna.

'Yan haya suka cika gidan. Damina ta sauka, ƙasa ta sha ruwa har ta ƙoshi. Ruwan rijiyar bai canza kala ba, bai yi wari ba, wannan ne mugun abin. Mama Rahamatu ta yi ta ɗaga shi a kofi tana dubawa a rana, ta ga garau, ta ce ƙila simintin Alhaji ya riƙe. Kokon da take tafasawa bai cutar da kowa ba. Amma Sakinatu daga randa take sha.

Ranar Talata da hantsi amai da gudawa suka kama yarinyar. Kafin la'asar idanunta sun faɗa. Aka ɗauke ta a babur ɗin okada zuwa asibiti, aka yi ta neman jijiyar da za a sa mata ruwa. Ranar Laraba da azahar aka yi mata sallar jana'iza. Tun a asibitin, tambaya ɗaya ma'aikaciyar jinya ta yi: "Wane ruwa kuke sha?"

Da jami'an tsafta suka gwada rijiyar, suka ce ƙazantar bandaki ce ta tsiyaye cikinta.

Bayan sadakar uku sai ga Ciyaman da 'yan kwamitinsa, da littafi mai koren bango a hammata. Yau kam an buɗe shi. Ya karanta mata dokar da ta ce duk rijiyar da ta gurɓace dole mai ita ya rufe ta. A shafi ɗaya take da dokar taku ashirin, layi biyu kawai a ƙasanta. Wallahi abin ƙyama, ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

 Mama Rahamatu ta tashi ta zura guga, ta cika kofin robar da Sakinatu ke shan ruwa da shi, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Ciyaman, ga ruwa."

Ya ja ƙafarsa baya. "Hajiya, ai ruwan nan..."

"A yi haƙuri," ta ce. "Maƙwabtaka ce. A sha."

Babu wanda ya iya ɗaga ido.

Jama'a, dokar gini ba ado ba ce, rai take karewa. Idan aka rufe ta saboda mai hali, aka ce mai gaskiya ya yi haƙuri, wani ne zai sha ƙazantar. Kada kunya ta hana ku kai ƙara inda za a ji.