Sabuwar Kasuwa, Rumbu Wayam

Da aka sa Hajiya Ladidi cikin waɗanda za su zauna da wakilan ƙasashen waje a kan yadda za a farfaɗo da ƙasa bayan annoba, ta je yi wa tsohon malaminta sallama. Malam Nadabo bai yi mata doguwar nasiha ba, wannan misalin kawai ya ba ta.

An yi wani mai gari a bakin wani babban kogi, mutum mai kunya da son rufin asiri. A zamaninsa annoba ta sauka, aka rufe hanyoyi, jirgin fito ya daina ƙetarewa, kasuwa ta daina ci. Kafin cutar ta lafa an binne mutane da yawa, har da matarsa. Waɗanda suka rage kuwa sun sayar da shanun huɗa, sun cinye hatsin da ke rumbu, daga baya suka kwance damman da aka ware don iri, suka daka suka ci. Da aka buɗe hanya sai ga baƙi sun zo da niyyar taimako: wasu daga ƙetaren kogi, wasu daga arewa, wasu daga can bakin teku. Mai gari ya sa aka share gari, aka yi wa zaurensa sabon yaɓe, ya yanka ragon da ya rage masa. A ganinsa, garin da kakanninsa suka riƙe da mutunci ba zai zama abin tausayi a hannunsa ba. Da baƙin suka tambaye shi abin da ya fi damun jama'arsa, maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Ya ce sun gode Allah, duk abin da baƙi suka ga ya dace, alheri ne. Su kuwa abin da idonsu ya gani shi ne tsohuwar kasuwa da rumfunanta suka zube. Suka haɗa ƙarfi suka gina sabuwa ta bulo da kwano, aka yi addu'a, suka koma ƙasashensu da farin ciki.

Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙe, amma babu abin zubawa a rami. Wanda ya samo ɗan iri a wurin dangi ya shuka gefen gona, sauran gonar ta zama ciyawa. Da kaka ta yi, ranar kasuwa sai awaki ke kwance a inuwar sababbin rumfuna. Yunwa ta ɗauki tsofaffi da ƙananan yara waɗanda annoba ta bari. Ƙanen mai gari, wanda suke ciki ɗaya, ya kwashe iyalinsa ya nufi birni, ya tafi ba tare da ya tsaya sallama a zaure ba.

Da shekara ta zagayo baƙin suka dawo don su ga yadda kasuwarsu ke ci. Jagorarsu wata dattijuwa ce daga ƙetaren kogi, wadda ita ma annobar ta raba da mijinta. Ta daɗe tsaye a tsakiyar rumfunan, sannan ta tambayi mai gari ko wani laifi suka yi da jama'a suka ƙaurace wa aikinsu. Sai ya wuce da ita cikin gidansa, inda bai taɓa shigar da baƙo ba, ya sa aka ɗage jinkar rumbu. Ta leƙa, ba ta ga komai ba sai ƙaiƙayi da saƙar gizo.

Ya ce, "Hajiya, tun ana rufe da hanya muka cinye irinmu. Kunya ce ta ɗaure mini baki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ma a zaure muka tsaya da tambayarmu. Kuma ba don mun ƙoshi muka zo ba. Tun da garinku ya daina saye, albasarmu a gona take ruɓewa."

Aka sake zama, amma wannan karon a fili, da manoma, da masu fito, da matan da suka fita takaba suna riƙe da marayu. Mai gari ne ya fara magana, ya faɗi halin da ake ciki bai rage komai ba. Mutanen arewa suka kawo irin gero mai saurin nuna. Na bakin teku suka gyara jirgin fito. Na ƙetare suka ba da shanun huɗa, garin kuma ya buɗe musu fadamarsa aka yi noman rani tare. A hankali hayaƙi ya dawo gidaje, aka fara jin sautin daka da hantsi. Sai dai daminar da aka rasa ta riga ta tafi da waɗanda ta tafi da su, ƙanen mai gari kuma bai dawo ba. Har mai gari ya tsufa, in hanya ta biyo da shi ta ƙofar gidan ɗan'uwansa, sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Baƙo, komai kyawun niyyarsa, daga waje yake hango rufi. In na ciki ya yi shiru, inda ba ya zuba za a toshe. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.