Mai Shadda da Suwaitar Gashin Akuya

Na lura da kai, kome aka miƙo maka sai ka ce ka san shi, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje kamar ana jiranka a tasha. To, dakata ka ji misali guda kafin ka wuce.

An yi wani mai sayar da shadda, shekara talatin yana harkar. Kada ka raina shi, ya san aikinsa. Ya ɗora yadi a tafin hannu ya ɗan jinjina, ido rufe zai faɗa maka ta gaske ce ko jabu. A wajensa nauyi shi ne gaskiyar tufa. Ana nan sai aka bugo waya daga tsaunin Mambila cewa ƙanin mahaifinsa, wanda ya hau can da shanu tun yana saurayi, yana kwance rai a hannun Allah, ba ya kiran sunan kowa sai na wansa. Shekara ashirin da biyu rabon tsofaffin nan da ganin juna. Mahaifin mai shadda ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya ɗaure jaka ya kwance, ya fita ƙofar gida ya dawo, ya ce ko a kafaɗa ne a kai shi. Ga ƙirjinsa ba ya shiri da sanyi, ga damina ta kankama, can saman kuwa an ce da rana tsaka mutum yana ganin hucin bakinsa.

Mai shadda ya ruga kasuwar gwanjo neman suwaita, yana sauri don mota ba ta jira. Mai gwanjo ya ji inda za su, ya tono wata 'yar shara-shara mai ruwan toka daga ƙasan dila, wadda in ka dunƙule ta za ta shige aljihu. Ya ce, "Alhaji, ka ɗaukar wa Baba wannan. Kashmir ce, gashin ciki na akuyar ƙasashen ƙanƙara. Iskar da take riƙewa tsakanin zarenta ita ce ɗumin, ko ta ɗan jiƙe ba ta sakin mutum. Da ina da mai kaurinta da ita zan ba ka, amma kada ka haɗa ta da auduga a ma'auni." Mai shadda ya yi dariya. Akuya dai, wadda yake gani kullum tana rakuɓe jikin bango in an yi yayyafi? Ya ɗora ta a hannun hagu, ya ɗora wata jibgegiyar suwaitar auduga mai kitso-kitso a hannun dama, ya jinjina kamar yadda ya saba, hannun dama ya rinjaya, ya sayi ta audugar. Ba kuɗi ya hana shi ba, wallahi, uba ne, da ransa ma zai bayar. Kawai dai bai ga yadda za a yi mai gwanjo ya koya masa tufa ba.

Kwana biyu suna hanya, tsoho yana tambayar direba ko an kusa tun ba a yi rabi ba. Da mota ta gama hawan dutsen Mambila mai kwana-kwana, sauran tafiyar sai a babur. Gajimare ya sauko har ƙasa, yayyafi ya fara. Ɗan acaɓa ya miƙa wa tsoho rigar ruwa, suwaitar ta yi kauri, rigar ta ƙi shiga a kanta. Tsoho ya ce a cire masa suwaitar ya sa rigar ruwan, nauyinta ma ya ishi kafaɗarsa. Mai shadda ya ƙi, ya ce ai ita ce maganin sanyin, aka yafa rigar ruwan a baya iska tana kaɗa ta. Auduga kuwa ka san halinta, tana ganin ruwa sai ta sha ta ƙoshi. Kafin su yi rabin sa'a suwaitar ta zama jiƙaƙƙen buhu manne da ƙirjin tsoho, haƙoransa suna haɗuwa, hannunsa ya kasa riƙe ɗan acaɓa. Dole suka tsaya a wani ƙauye. Da ɗan acaɓan ya tuɓe tasa rigar ruwan don ya taya ɗaukar tsoho, mai shadda ya ga abin da ke ƙarƙashinta, 'yar suwaitar ulu ce siririya duk ta ƙoƙe a gwiwar hannu, jikin mutumin kuwa da ɗumi kamar ya taso daga bakin murhu.

Zazzaɓi ya rufe tsoho, numfashi yana fita da ƙyar. Malamin asibitin ƙauyen ya ce wanda ya fitar da shi waje ya kashe shi. Rugar ƙanin nasa kwari ɗaya ce tsakani, daga taga ana hango hayaƙin girkinsu. Tsoho ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa, yana cewa a ɗaga shi. Mai shadda ya yi ta kai da kawowa tsakanin gado da ƙofa, ya rasa inda zai sa kansa. Ina gaya maka, har yau in na tuna wannan wurin zuciyata sai ta yi zafi. Ranar da suka kwana biyu a ƙauyen, da hantsi, wani mutum ya hauro daga kwarin, ya tsaya bakin ƙofa ya cire takalmi, ya yi sallama a hankali. Tsoho bai bari ya yi magana ba, ya gane ƙaninsa ya cika, ya juya fuska bango.

Mai shadda bai yi ƙarya ba da ya ce ya san tufa. Shadda ya sani, ya ɗauki ma'auninta ya auna abin da ba ita ba, ubansa ya biya. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.