Jijiyar Ƙeya

Likita, tunda gobe kai za ka riƙe wuƙa, zauna in ba ka misali. An yi wani likitan tiyata mai saurin hannu, har shi ma ya san yana da shi, abin da ya cuce shi ke nan. Wata rana aka kawo masa wani maɗinkin babbar riga da ƙari a ƙeya. Yana cikin aiki sai jijiyar jinin da ke ciyar da fatar ƙeya ta gitta masa. Da ya yi haƙuri ya kewaye ta, da ta tsira. Amma mutumin naka yana sauri, ga marasa lafiya a layi, ya ce ai fatar kai ba ta rasa jini. Ya ɗaure ta ya datse. Maɗinki ya warke sumul, har ya ɗinka masa riga ta godiya.

Shekaru suka shuɗe, sai ga maɗinkin ya dawo, allura tana suɓuce masa daga hannu, magana tana sarƙe masa a baki. Aka duba, ashe hanyar jinin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ce take toshewa. Maganin ka san shi: a ɗauko jijiya daga fatar kai, a huda ƙashi, a jona ta da ta ciki, kamar yadda mai lambu yake janyo ruwa ta wata hanya in tasa ta cushe. Likita ya nemi ta gaban kunne, wadda aka saba ara, ya tarar ta sirance kamar zare. Ta bayan kunne kuwa gajeriya ce, ba ta kai ba. A ciro daga hannu a dasa, aikin ya yi wa jikin dattijon nauyi. Saura ta ƙeya. Ya juya kan mutumin, sai ya ga tabon aikinsa na da. Ya san abin da ya bari a ƙarƙashin tabon: guntun jijiyar da ya datse.

Kafin a gama shawarar abin yi, ɓarin jikin maɗinki ya shanye. Abin da ya fi ci wa likitan rai shi ne, mutumin bai taɓa sanin abin da aka raba shi da shi ba. Duk ranar da 'ya'yansa suka kawo shi asibiti, sai ya miƙa wa likita hannun hagu, yana ƙoƙarin sa masa albarka da bakin da ya karkace. Wallahi ni ban ga hukuncin da ya kai wannan ciwo ba.

Saboda haka jijiyar da ba ta tare maka komai ba sai ɗan lokaci, bar wa mai ita abarsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.