Bijimin Gudu da Tsohon Sa

Ajiye wayar nan ka dube ni, ɗan ƙanwata, kafin raina ya ɓaci. Ka ce za ka haɗa kwamfutar da za ka riƙa tace bidiyon biki da ita ka ci abinci, na ce madalla. Yau kuma ka zo mini da wai rabin jarinka a ram zai tafi, sabon yayi, mai gudun tsiya, har da fitilu ja da kore kamar keken ɗan gayu. Abin da ya rage kuma ka lallaɓa ka sayi furosesa ta hannu wadda ta ga jiya ta ga yau. Kai! Ram fa miƙo aiki kawai take yi, furosesa ce mai yin sa. Tunda bayani ba ya shigarka, zauna in ba ka misali.

An yi wani manomi mai shanun huɗa biyu, ɗaya ya mutu ana gab da damina. Saura tsohon, sa mai haƙuri, wanda in ya ɗaga ƙafa sai ya yi shawara da ita kafin ya ajiye. Manomi ya kwashi kuɗin sayen wani sa da na taki ya nufi kara, kasuwar shanu. Can ya tarar da wani baƙin bijimi ana riƙe da shi da igiya biyu, yana huci, yana tonon ƙasa. Dillali ya ce a sake shi, bijimi ya zaga kasuwa kamar an jefa dutse, ƙura ta tashi, masu fura suka kwashi ƙorai. Manomi ya ce a ransa, da wannan ai kafin maƙwabcina ya karya kumallo na gama gona. Ya zazzage aljihu kaf, har da na takin. Da ruwan shuka ya sauka, ya ɗaura bijimi da tsohon sa a karkiya ɗaya, ya kama garma ya ce bismillah. Bijimi ya zabura, tsoho ya tsaya yana tuƙa. Mai gudu na dama, mai nawa na hagu, to ina garma za ta? Sai ta kama zagaye. Suka yi ta juyi a wuri ɗaya, manomi na biye da su yana salati, hula ta faɗi, takalmi ya tsinke. Da azahar aka zo aka ga kunya ɗaya tal, a nannaɗe kamar faifai, mai gona a tsakiya yana haki. Mutanen gari suka bar aikinsu suka zo kallo, wata tsohuwa ta tambaya ko rijiya zai haƙa.

Manomi ya koma wurin dillali a fusace. Dillali ya dafa shi ya ce, “Haba mai gida, irin wannan dabba ai ba ta shiga tsohuwar karkiya.” Manomi ya sayar da jakinsa ya yi sabuwar karkiya, aka ce garmar ma ba ta dace ba, ya sayar da akuyar gidan ya sauya garma. Duk wannan ruwa na zuba, ƙasa na jira, gonakin mutane sun fara kore. Da aka sake ɗaura su, sai bijimi ya gane abin da mai shi bai gane ba: ba inda za shi sai da tsoho. Ya sassauta, ya daidaita taku, ya koyi tuƙa a tsaye, har ya fi malamin nasa iyawa. Gudu ya tafi, ci ne bai tafi ba, don harawar da tsoho ke kwana uku a kai shi a zama ɗaya yake share ta. Maƙwabcin manomi kuwa, da kuɗin da bai kai nasa ba, ya sayi matsakaitan shanu biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya taɓa tsayawa kallonsu, ya sayi taki da sauran. Geronsa ya kai gwiwa ranar da mai bijimi ya jefa iri. Da kaka ta yi, maƙwabci ya cika rumbu, shi kuwa ya tashi da kara da labari.

To kai ne manomin, kar ka waiga. Ram ɗin nan sabuwa ba ta ma shiga tsohon allon cikin kwamfuta da ake dasa ta a kai, sai ka sauya shi, ga jakinka ya tafi. In ta shiga kuma, takun furosesarka za ta bi, fitilun su yi ta rawa, bidiyon amarya na rarrafe, dangin ango na buga maka waya har su kai aikin wani shago. Ban ce mai gudu ba ta da rana ba. Ranar da ka iya sayen shanun biyu duk ƙarfafa, gonarka ta yi faɗi, ni da kaina zan raka ka kasuwa. Amma yau, nemi furosesa mai ƙwari, ka haɗa ta da ram matsakaiciya mai yalwa, ka fara aiki kafin lokacin bukukuwa ya wuce ka. Manomin nan da ya fi kowa son rigan kowa, shi ya yi shukar ƙarshe a garin. Ba a banza Bahaushe ya ce ba, sauri ya haifi nawa.